Cibiyar Malam Ba-Matsala

A gidansu Lauya ake kiranta, ko da yake ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba. Yayanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana 'yar firamare, domin in ka aike ta sai ta tambaye ka wa ya ce, don me, kuma me ya sa sai ita. Innarsu kan ce in aka gaishe da Lauya da ina kwana, sai ta leƙa taga ta tabbatar gari ya waye kafin ta amsa. Ta girma, ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, ta sami aiki a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin garin, sunan kuma ya bi ta har can.

Aikinta shi ne karɓar sababbin marasa lafiya. Tana da tebur a wani ɗan ɗaki tsakanin ofishin Likita da ɗakin allura, da kujeru uku, da kabad ɗin fayil wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an danna ta da gwiwa. Mutum ya zo, ta zaunar da shi, ta tambaye shi barci da ci da abin da ya kawo shi, ta rubuta, ta miƙa wa Likita. Iyakarta ke nan, kuma shekara huɗu tana haka.

Wanda ya tayar mata da tsimi wani direban babbar mota ne, ƙaton mutum mai kaurin murya. Tun da ya yi hatsari abokin tafiyarsa ya rasu a gefensa, ko ƙarar hon ya ji sai jikinsa ya hau ɓari. An ba shi ƙwayoyi, barci ya dawo, amma sitiyari ya gagare shi. Lauya ta san akwai hanyar da ake bi da irinsa, zama bayan zama, a yi ta warware tsoron da magana har ya saki mutum. Ta karanta a littafi. Amma karatu daban, lasisi daban, kuma duk asibitin babu mai wannan horon. Ranar da direban ya zo karo na shida ya tambaye ta ko haka zai ƙare, ba ta da abin da za ta ba shi sai ranar dawowa. A makon nan ta cike fom ɗin digiri na biyu.

Gurbi ta nema a wata tsohuwar jami'a, tafiyar yini guda a mota. Mutum shida suke ɗauka a shekara, a yi shekara biyu ana karatu, ta uku kuma a asibitin koyarwa ƙarƙashin idon manya. Sun nemi wasiƙar shaida daga shugabanta. Likita ya rubuta, ya manne ambulan, ya sa hannu a kan mannin, ya aika da kansa ba tare da ya nuna mata ko layi ɗaya ba. Ta je intabiyu. Farfesar sashen, wata tsohuwa siririya mai gilashi a ƙarshen hanci, ta yi mata tambaya uku cikin minti goma, ta ce za a ji daga gare su. Mako bakwai aka yi shiru kamar an shuka dusa.

A mako na takwas wayarta ta yi ƙara tana tsakiyar jera fayil. Tun kafin mai kiran ya faɗi ko wane ne ta gane muryar. Malaminsu ne na jami'a, wanda ɗalibai ke kira Malam Ba-Matsala saboda ko gobara ka kai masa labari abin da zai fara cewa ke nan. Ya ce yanzu shi ne Daraktan wata sabuwar cibiya a ƙetaren gari, suna ba da digiri na biyu a fannin da take so, wata goma sha takwas an gama, karatu da yamma, ba sai ta bar aikinta ba. Ya ce ya ajiye mata gurbi, irinta suke nema, ɗalibar da bai taɓa mantawa da ita ba.

Lauya ta yi godiya ta kashe wayar, ta zauna tana duban bango. Su ɗari da wani abu ne a ajin mutumin nan, kuma maki mafi ƙanƙanta da ta taɓa samu a hannunsa ta same shi. Wa ya ba shi lambarta? Wa ya gaya masa tana neman karatu? Ita dai ta san ba ta cike fom ɗinsu ba.

A gida Inna ta ce wannan ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ga karatu a bakin ƙofa, ga aikinta a hannu, me za ta je nema a uwa duniya wajen mutanen da ko amsa ba su iya ba ta ba? Yaya, wanda aikinsa haɗa wayar lantarki ne a sababbin gine-gine, yana zaune a ƙofar ɗaki yana warware wata tsohuwar fanka. Ya ce wa Inna ta daina wahalar da bakinta, Lauya ko aljanna aka ce ta shiga sai ta nemi ganin takardar fili. Amma da Asabar ta zo shi ya ɗauke ta a motarsa, wai don ya ga abin da zai hana ƙanwarsa barci a wannan karon.

Cibiyar hawa na biyu ce a wani dogon gini, ƙasanta shagon sayar da tayil. Fenti sabo, har yana hawa kai. Darakta ya tarye su da hannu biyu, ya ƙara ƙiba, ya ƙara fara'a. Ya zagaya da su aji biyu, da ɗakin karatu mai kantoci uku, sannan ya buɗe wata ƙofa da alfahari. Ɗakin ganin marasa lafiya ke nan: kujeru biyu masu laushi suna fuskantar juna, ɗan tebur da kwalin tishu a kai, babban gilashi a bango wanda malamai ke kallo ta bayansa, da kyamara a kusurwa don a naɗi zaman a yi wa ɗalibi gyara. Lauya ta shafa hannun kujerar. Ledar kamfani tana nan a ƙasan matashin. Kwalin tishun ma ba a fasa bakinsa ba.

Ta fara tambaya, a hankali, cikin ladabin ɗaliba. Marasa lafiya nawa ɗalibi ke gani kafin ya gama? Darakta ya ce ba matsala, da yawa. Wa ke zama da shi ya duba aikinsa? Ƙwararru. Su wane ne? Za ta gan su in ta shigo. Hukumar da ke ba da lasisi ta amince da su? Ya ce magana ta yi nisa, saura sa hannu kawai. To a wane asibiti ake horon aiki?

"A naku mana," in ji shi, yana dariya. "Ai gida ne. Ke ma kin ga dalilin da ya sa na ce irinki muke nema."

Ta ce tana so ta gana da wani ɗalibi. Ya aika aka kira wata mata daga ɗakin karatu. Ta girmi Lauya da kusan shekara goma, malamar makaranta ce da ta ajiye koyarwa don wannan karatun, Malama kowa ke ce mata. A gaban Darakta ta ce komai lafiya, malamai na ƙoƙari. Amma da Lauya ta tambaye ta mutum nawa ta gani a ɗakin nan mai gilashi, sai Malama ta dubi Darakta kafin ta dubi Lauya, ta ce an ce sai zango mai zuwa. Wata goma sha ɗaya ke nan da fara karatunta.

Ita da Yaya suka sauko suka shiga mota. Ya kunna, ya bar ta tana aiki, ya ce kyamarar nan ado ce. Ya duba bayanta, babu waya ko ɗaya da ta shiga bango, an dai ɗaure ta da ƙusa biyu. Kuma ɗakin da aka ce malamai ke zama bayan gilashi, ya tura ƙofar da Darakta ya juya baya, bokitan fenti ne a ciki da tsani. Ya ƙara da cewa yau dai ya yarda, wani lokacin in Lauya ta leƙa taga, da gaske gari bai waye ba.

Ran Litinin ta sami Matiron, shugabar nas-nas ɗin sashen, wadda ko kyanwa ba ta shiga ɗakin marasa lafiya ba da saninta ba. Matiron ta ce ita ba ta san wata cibiya ba, ba ta ga takarda ba, ba a ce mata ta tanadi ko benci don wasu ɗalibai ba. Sai dai ta tuna wani mai ƙiba da yawan dariya ya zo wajen Likita sau biyu a watan jiya, sun rufe ƙofa.

Nan zuciyar Lauya ta ba ta wani abu, kuma da ya shiga bai fita ba. Da ta kai fayil ofishin Likita a ranar, ta ga katin Darakta a ƙarƙashin gilashin teburinsa, a gefen jadawalin aiki. Biri ya yi kama da mutum. Wa ya san tana neman karatu in ba Likita ba? Wa ke da lambarta? Wa zai rasa mai karɓar masa marasa lafiya in ta tafi shekara uku? Kuma me ya rubuta a wasiƙar nan da ya manne ya hana ta gani, har tsohuwar jami'a ta yi gum? Lissafin ya fita tsaf: ya ɓata ta a can don ta faɗa nan, ta ci gaba da yi masa aiki da safe, da yamma ta je ta cika wa abokinsa aji.

Kwana huɗu tana kallon Likita da wannan idon. Dattijo ne marar yawan magana, mai tafiya kamar yana tsoron tada ƙasa. Da, shirunsa kamala ne a wurinta. Yanzu in ya ce sannu da aiki sai ta ji kamar da biyu ya faɗa. In ya tambaye ta ko an ji daga jami'ar, sai ta ce a ranta, kai ka fi kowa sani. Har rubutunta ya canja, ta koma ajiye kwafin duk abin da ta miƙa masa.

Ran Juma'a ta nemi izinin rabin yini, ta hau bas zuwa ofishin hukumar lasisi. Wani tsohon gini ne mai dogon baranda, da benci, da tagar da ake magana ta cikinta. Matar da ke bayan tagar tana cin gyaɗa daga aljihun tebur. Ta ce sunan cibiyar ba ya cikin waɗanda aka amince da su, sun dai nema, ana dubawa, kuma wanda ya gama a wurin da ba a amince da shi ba ko jarrabawar lasisi ba za a bar shi ya zauna ba. Ta nuna mata allon da ke ƙarshen barandar, ta ce doka ce a kafe takardun masu nema na wata uku don mai ƙorafi ya yi, amma ita tun da ta zo wurin ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya ya karanta ba.

Lauya ta tsaya ta karanta. Shafi huɗu ne, rana ta fara cinye tawadar. Na farko sunan cibiya da manufarta. Na biyu darussa. Na uku kayan aiki, har da kyamara. A na huɗu aka jera ma'aikata. Ta bi da yatsa. Mai kula da horon ɗalibai a asibiti: sunan Likita, da lambar lasisinsa. A ƙarƙashinsa, mai tsara horon aiki: cikakken sunanta, da na mahaifinta, da shekarunta huɗu a sashen. A gefe an yi wani ƙwarya-ƙwaryan sa hannu da bai yi kama da nata ba ko a mafarki.

Ta zauna a bencin. Ashe ba ɗaliba ake nema ba, tsani ake nema. Ta ɗauki hoton shafin da wayarta, ta koma asibiti kai tsaye, ko gida ba ta biya ba.

Ta sami Likita yana wanke hannu bayan ya sallami mutum na ƙarshe. Ba ta zauna ba. Ta ajiye wayar a gabansa, ta ce tana so ta san yaushe aka yi wannan shawarar, kuma me ta yi masa da zai sayar da ita haka. Ta faɗi duka, har zancen wasiƙar da kati.

Likita ya sa gilashinsa, ya daɗe yana duban hoton, yana buɗa shi da yatsu biyu. Ta ga jijiyar gefen kansa ta tashi, abin da ba ta taɓa gani ba. Ya ce mutumin ya zo sau biyu yana roƙon a ba ɗalibansa wuri, shi kuma sau biyu yana ce masa a'a, domin babu mai horon da zai tsaya a kansu, kuma marasa lafiya ba abin gwaji ba ne. Lambar lasisinsa tana jikin takardar da ke rataye a bangon nan, duk wanda ya zauna a kujerar baƙi zai iya kwafewa. Sannan ya ce akwai laifinsa guda: da mutumin ya tambayi ko akwai masu digirin fannin a sashen, shi ya ambace ta, har ya yi alfahari cewa ta nemi tsohuwar jami'a. Katin kuwa ya ajiye ne don ya tuna sunan da zai hana a ƙofa.

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da takarda ɗaya ya miƙa mata. Kwafin wasiƙar ce.

Ta karanta a tsaye. Ya rubuta cewa a shekara talatin bai yi aiki da mai lura kamarta ba, cewa sau uku tana gano abin da shi ya kuɓuce masa, har da wata mata da ake yi wa maganin damuwa alhali ciwon maƙoƙo ke ɗawainiya da ita. Ya ce su ɗauke ta, sashensa zai yi rashi amma fannin zai samu. A sakin layi na ƙarshe ya ce tana da aibi guda da ya kamata su sani: tana sauraron mutum kamar mai jiran ya yi tuntuɓe, kuma wanda ya zo da ciwo a rai yakan ji hakan ya rufe bakinsa. Ya ce in sun iya raba ta da wannan ba tare da sun kashe mata idon ba, za su fitar da gwana.

"Da ka gaya mini," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na gaya miki sau biyu," in ji Likita. "Kin tambaye ni wa ya kawo ƙararki."

Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ba shi haƙuri, ya ce ta bar shi, wanda ya ga sunansa a allon da bai sani ba yana da damar ya zargi kowa. Suka zauna a teburin nan suka rubuta wa hukumar takarda, kowa ya sa hannunsa na gaskiya.

Darakta ya kira ta bayan kwana tara. Babu dariya a muryar. Ya ce ta yi masa gaggawa. Da ta shigo, ai da abin da ke takardar ya zama gaskiya, ita ta buɗe musu ƙofar asibiti, Likita ya sauko daga baya. Ya ce ta duba yawan masu ciwo a garin nan, ta duba mutum shida da tsohuwar jami'a ke fitarwa a shekara, ta gaya masa yaushe za su isa. Dole wani ya fara, ko da da kujera biyu ne. Abin da ya dame ta shi ne, a wannan gaɓar ba ƙarya yake yi ba. Ta ce masa duk ta ji, amma hannun da aka sa ba nata ba ne, kuma akwai mata da ta bar aikinta wata goma sha ɗaya tana jiran zango mai zuwa. Ya kashe wayar.

Amsar tsohuwar jami'a ta iso a ƙarshen watan. Ita ce ta bakwai. Farfesa ta ƙara layi biyu da hannunta a ƙasan takardar: ta sake nema baɗi, kuma kafin nan ta nemi shugabanta ya bar ta ta riƙa zama a bayansa in yana ganin marasa lafiya, ba biro, ba takarda. Inna ta ce ga shi nan, an saki na hannu an kama na guje, na gujen ma ya tsere. Lauya ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta wanke fuska.

Hukumar ta cire takardun cibiyar daga allo. Bayan wata biyu Yaya ya wuce ta gaban cibiyar ya ga an sauke allon sunan an kafa wani, da sabon suna da sabon launi, hawa na biyun dai bai canja ba.

Wata safiya Lauya ta ɗago daga rubutu ta ga Malama a kujerar marasa lafiya, jaka a cinya. Ta ce ta bar cibiyar. Makarantarsu ta riga ta ɗauki wata a gurbinta, 'ya'yanta uku suna tambayarta yaushe za ta zama likita. Ba ta zo neman komai ba sai ta ji yadda ake neman tsohuwar jami'a, da ko asibitin na karɓar mai aikin sa kai. Abu na farko da ya zo wa Lauya shi ne Darakta ne ya turo ta, ta zo ta ga wa ya ce me. Tambayoyi suka taru a bakinta. Ta dubi hannuwan matar, yadda suke murza igiyar jakar har fatar ta yi fari. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta zuba mata ruwa a kofi, ta ce ta fara daga farko, ba sauri suke ba. Malama ta yi magana kusan awa guda.

Har yau Lauya ba za ta rantse cewa ba turo ta aka yi ba a ranar farkon. Ta dai kai ta wajen Matiron, Matiron ta kai ta wajen Likita, aka ba ta benci da aikin kiran suna. Da shekara ta zagayo suka cike fom tare a teburin nan, suka hau mota ɗaya zuwa intabiyu. An ɗauki Lauya. Malama ta zo ta tara a jerin sunaye, ta ce ba komai, ta ga hanya yanzu, kuma ita ce ta gaji Lauya a ɗan ɗakin da ke tsakanin ofishin Likita da ɗakin allura.

Ranar tafiya Yaya ya ɗaure akwati biyu da katifa a saman mota, Inna ta zauna a gaba ta ce sai ta ga ɗakin da za a ajiye mata 'ya da idonta. Suna fita daga gari ta fara lissafa abin da aka manta: bargo, da tocila, da maganin sauro. Yaya ya ce duk akwai a can, ba daji za su ba. Inna ta ce ya tsaya a kasuwar gaba dai, ya tsaya.